Yadda za ka lissafa tayin 'yan wasa a daraf ɗin AFL, ka gane da kanka wa aka ƙwara

Ni dai abin da ya sa na fara ajiye biro da takarda a gefena duk daren daraf na ƙwallon Ostireliya shi ne abin da idona ya gani a watan Nuwamban 2024. Brisbane Lions sun ɗauki kofi a ƙarshen Satumba, sun lallasa Sydney da tazarar maki 60, a ƙa'ida su ne na can ƙarshen layi wajen zaɓen sababbin yara, amma ko zama ba a gama gyarawa ba sai ga Levi Ashcroft an kira sunansa a lamba ta 5, an miƙa masa rigar Brisbane yana murmushi. Na ce to ya aka yi haka? Kulob ɗin da ya fi kowa ƙarfi shi ne kuma ya tafi da ɗaya daga cikin yaran da suka fi kowa? Tun daga ranar na daina sauraron ihun magoya baya kawai, na koma ina yin lissafin da kaina, kuma wallahi abin ba shi da wuya in ka san inda za ka fara. Shi nake so in nuna maka.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ƙwallon nan ce mai siffar ƙwai da ake bugawa da ƙafa da hannu a ƙaton fili, mutum 18 kowane ɓangare, babbar gasarta ita ce AFL mai kulob 18, goma daga cikinsu a jihar Biktoriya suke, kuma Tasmania za ta shigo a 2028 ta zama ta 19. Ba a sayen yaro da kuɗi a kai shi kulob. Tun 1986 akwai daraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi a Nuwamba, yaro sai ya cika shekara 18 a cikin shekarar, wanda ya ƙare a ƙasan teburin gasa shi ke fara zaɓa, zakara shi ne na ƙarshe, a gama zagaye a sake wani. Manufar kenan, a ba rarrauna dama ya farfaɗo. Toh amma akwai ƙofofi uku da ke sa wani kulob ya tsallake layi, kuma duk rigimar a kansu take.

Fara da sanin yaron na waye

Kafin ka taɓa lissafi, ɗauki jerin yaran da ake sa ran za su fita a 30 ɗin farko ka sa alama a gaban duk wanda yake da mai shi. Ƙofa ta farko dokar uba da ɗa, tsohuwa ce tun 1949, yanzu sharaɗinta uba ya buga wa kulob wasa 100, sai kulob ɗin ya samu haƙƙin ɗansa in yaron ya yarda. Ka riƙe wannan in ya yarda ɗin, domin Marc Murphy ya ƙi zuwa Brisbane a 2005 duk da haƙƙin da suke da shi a kansa, ya shiga layi kamar kowa Carlton suka ɗauke shi a lamba ta 1. Ƙofa ta biyu akadamin arewa, wato wurin da kulob ke horar da yaran yankinsa ya samu haƙƙi a kansu, na kulob huɗu ne kawai, Sydney, GWS (Greater Western Sydney), Brisbane da Gold Coast, a jihohin New South Wales da Kwinsland inda wasan rugbi ya fi cin kasuwa. Ta uku akadamin da aka kafa wa sauran kulob a 2016 domin yaran 'yan asalin ƙasar da 'ya'yan baƙin da suka zo daga wasu ƙasashe, kowane kulob da yankin da aka yanka masa.

Wani yaron ma ƙofa biyu ko uku yake da su. Nick Blakey a 2018 babansa ya buga wa Fitzroy da North Melbourne sama da wasa 100 kowanne, kenan Brisbane da suka gaji Fitzroy suna da haƙƙi, North suna da haƙƙi, shi kuma a akadamin Sydney ya tashi, ya zaɓi Sydney. Saboda haka kar ka rubuta sunan kulob a gaban yaro sai ka ji ya bayyana inda ya zaɓa.

Yanzu ga yadda tayin yake

Yaron da yake da mai shi ba a ɓoye shi ba, yana cikin kasuwa kamar kowa. Duk kulob ɗin da layi ya zo kansa zai iya kiran sunansa, wannan kiran shi ne tayi. Da an taya sai a juya wajen mai haƙƙi, agogo na tafiya, 'yan mintuna ne kawai, a ce masa ka biya ko ka sallama. In ya biya, shi ke hawowa ya karɓi wannan lambar ya ɗauki yaronsa, wanda ya taya ya koma lamba ta gaba ya zaɓi wani, kowa a bayansa ya ja baya da taki ɗaya. In ya sallama, wanda ya taya ya ɗauki yaro dole, babu zancen ai wasa nake. Wannan ya sa ba a tayin ganganci, sai yaron da in aka bar maka shi za ka yi murna. Josh Dunkley haka ya faɗa hannun Western Bulldogs a 2015, sun taya a lamba ta 25, Sydney masu haƙƙinsa ta hanyar babansa ba su biya ba, shekara na zagayowa yaron ya ci kofi da Bulldogs.

Da me ake biya? Da maki. Kowace lamba a daraf tana da farashinta a wani teburi da hukumar AFL ta fitar a 2015. A teburin da aka yi aiki da shi daga 2015 zuwa 2024, lamba ta 1 maki 3000 ce, ta 2 2517, ta 3 2234, ta 4 2034, ta 5 1878, ta 10 1395, ta 18 985, haka yake gangarowa har lamba ta 73 mai maki 9, daga nan sifili. Sannan a waɗannan shekarun mai haƙƙi yana da rangwame, kashi 20 cikin 100 in tayin ya zo a 18 ɗin farko, in bayan nan ne a cire masa maki 197, wanda in ka duba shi ne dai kashi 20 na 985.

Abin da ya haifi teburin nan Isaac Heeney ne, yaron akadamin Sydney. A 2014 Melbourne suka taya shi da lamba ta 2, dokar lokacin cewa take ka biya da lambarka ta gaba kawai ko ta nawa ce, Sydney da suka buga wasan ƙarshe a shekarar suka miƙa lamba ta 18 suka tafi da shi. Sa shi a teburi ka gani, kayan 2517 aka ba da a 985. Kafin wannan ma abin ya fi muni, ta dokar uba da ɗa Geelong sun samu Gary Ablett ƙarami da lamba ta 40 a 2001, Tom Hawkins da ta 41 a 2006, a lokacin babu ma tayin sam sai a 2007 aka kawo shi.

To mu dawo kan Levi, wanda Brisbane ke da haƙƙinsa ta dokar uba da ɗa, ɗauko takardarka. Melbourne suka taya a lamba ta 5, rubuta 1878. Cire kashi 20, wajen 376 kenan, saura 1502. Brisbane suka zube lamba ta 40, 42, 43 da 46. Farashinsu 429, 395, 378, 331, tara su, 1533. Ya biya har da ɗan canji. Ranar da na fara jera alƙaluman nan a ƙasan juna na ja layi na ga 1533, sai da na sake tarawa sau biyu don na ɗauka kuskure na yi. Babu kuskure. Lambobi huɗu na wajen arba'in, inda yawancin yaran da ake ɗauka ba sa daɗewa a babbar gasa, su suka sayi yaron da ya shiga tawaga kai tsaye ya ci kofi a shekararsa ta farko a 2025. Ka je ka tambayi kowane kulob mai riƙe da lamba ta 5 ko zai ba ka ita ka ba shi 40, 42, 43 da 46, ko kallonka ba zai yi ba. Nan cutar take. Teburin ya ba ƙananan lambobi, wato na can bayan layi, darajar da kasuwa ba ta taɓa ba su ba.

Gwada da wasu ka saba hannu. Nick Daicos a 2021, Gold Coast suka taya a lamba ta 4, 2034 a cire kashi 20 ya koma wajen 1627, Collingwood masu haƙƙinsa ta hanyar babansa suka biya da 38, 40, 42 da 44. Jamarra Ugle-Hagan a 2020, Adelaide suka taya a lamba ta 1 ɗungurungum, 3000 ta koma 2400, Bulldogs suka tattaro lambobi shida daga ta 29 zuwa ta 54 suka rufe.

Abu biyu kar ka manta da su a lissafi, su ne mutane ke yawan ruɗewa a kansu. Na farko ba kai ke zaɓen lambar da za ka biya da ita ba, daga lambarka mafi kusa ake fara yanka, a bi su a jere har bashin ya cika. Na biyu in makinka bai kai ba za ka iya cin bashi, akwai iyakar da aka sa, sai a zare daga darajar lambarka ta baɗi ta ja baya. Fremantle sun shiga irin wannan bashin a 2019 saboda Liam Henry, yaron akadaminsu. Akwai kuma wani ɗan abu, duk lambobin da aka ƙona wajen biya ficewa suke daga layi, saboda haka waɗanda ke can baya matsowa gaba suke, mai riƙe da ta 50 zai iya tsintar kansa a arba'in da wani abu, kenan makinta ya ƙaru ana tsakiyar dare. Shi ya sa nake amfani da fensir a wannan layin, gogewa ake ta yi.

In kai ne mai yaron

A ce kai ke tsara wa kulob 'yan wasa kuma kana da yaron da ake hasashen tayinsa zai zo tsakanin lamba ta 5 da ta 10, kai kuma kana riƙe da ta 8. Wannan shi ne wuri mafi haɗari da za ka zauna. In tayin ya zo a ta 6, lambarka ta 8 ita za a fara haɗiyewa, ka tashi da yaro ɗaya alhali da ka yi dabara biyu za ka samu. Hanya biyu ce, ko ka hau sama da tayin ko ka sauka ƙasa sosai, tsakiyar nan dai kar a same ka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, tun lokacin musayar 'yan wasa a Oktoba ake gama wannan shawarar.

Hawa sama shi ne abin da GWS suka yi a 2019. Sun san Tom Green nasu ne ta akadami, suna riƙe da lamba ta 6, suka ji tsoron kar tayin ya riga su, sai suka ƙara wa Adelaide lambarsu ta zagayen farko ta shekara mai zuwa suka karɓo ta 4, suka ɗauki Lachie Ash, tayin Green bai zo ba sai a ta 10 daga Carlton, suka biya. Yara biyu a goman farko. A daren dai Fremantle suka ɗauki Hayden Young a ta 7, Caleb Serong a ta 8, sannan tayin Henry ya zo a ta 9, da ya riga zuwa da lamba biyu da labarin ya sha bamban. Amma hawa sama tsada ne da shi, kuma sai kana da kunne a sauran kulob, ka san wa ke son wa, wa ke yawan zuwa kallon yaronka, wa ya kira shi hira sau biyu.

Sauka ƙasa ita ce hanyar da aka fi bi. Ka sayar da babbar lambarka ga mai sonta, ka karɓi ƙanana da yawa waɗanda in an tara makinsu ya fi nata, ko ka karɓi lambar baɗi ka ajiye. Gold Coast a 2023 su suka nuna iyakar abin. Suna da lamba ta 4, suka ba Bulldogs ita suka karɓi ta 10 da ta 17 da ta zagayen farko ta gaba, suka ci gaba da farfasa su kamar mai neman canji, daren daraf suka kwashe yara huɗu na akadaminsu a zagayen farko, Jed Walter a ta 3, Ethan Read a ta 9, Jake Rogers a ta 14, Will Graham a ta 26. Zagayen farko da ya kamata ya tsaya a 18 sai da ya kai 29 a shekarar, saboda tayi da kuma lambobin diyya da ake ba kulob ɗin da ya rasa ɗan wasa da na tallafi ga kulob ɗin da ya daɗe a ƙasa.

Sai dai ka kula, ba za ka shigo daren da buhun lambobi yadda ka ga dama ba, akwai dokar da ta ɗaure yawan lambobin da za ka shigo da su da yawan guraben da ka buɗe a tawagarka. Tun 2018 an yarda a yi musayar lambobi ana cikin daraf ɗin, nan ne masu wayo suke ƙarasa farfasawa, waya a kunne agogo na gudu. A daren farko na wannan tsarin Sydney suka yi wata dabara da ta tada ƙura, suka miƙa wa West Coast lambarsu ta ashirin da wani abu kafin tayin Blakey ya zo a ta 10, suka biya da ƙananan lambobi, da aka gama suka sake musaya da West Coast ɗin suka dawo wajen suka ɗauki James Rowbottom. Ba su karya doka ba, amma kowa ya ga an yi ajiya ne aka dawo aka karɓa.

Gargaɗi ɗaya da zan maka da babbar murya, kar ka sayar da lambar baɗi don kana ganin ai yaro zai haɗiye ta, sai ka tambayi kanka in shekarar ta ɓaci fa? Collingwood a daren daraf na 2020 suka sayar wa GWS lambarsu ta zagayen farko ta 2021, lissafinsu shi ne Nick Daicos na zuwa, tayinsa zai cinye ta ko ta nawa ce. Sai kakar 2021 ta zo musu a karkace suka ƙare na 17, lambar da suka sayar ta zama ta 2, tayin Daicos kuma bai zo ba sai a ta 4. GWS suka ɗauki Finn Callaghan da ita bayan tayi ya tura ta zuwa ta 3. Da sun riƙe, wataƙila an riga su tayin, wataƙila kuma su tashi da yara biyu, amma ko sayarwa za su yi a lokacin da sun sayar da tsada ninkin abin da suka karɓa.

In ba ka da kowa

Yawancin kulob a yawancin shekaru nan suke, kuma su ma suna da abin yi, ba zama za su yi suna kuka ba. Abu na farko ka zama mai sayar da maki. Kulob ɗin da ke da yaro a matse yake, yana neman ƙananan lambobi kuma babbar lambarsa ta zame masa kaya, kai kuma irinta kake nema. Bulldogs da suka karɓi ta 4 daga Gold Coast sun ɗauki Ryley Sanders da ita bayan tayi ya tura ta zuwa ta 6. Ka kuma lissafa wannan ja bayan tun kafin ka saya, in ana sa ran tayi uku a gabanka to lambarka ta 7 ta 10 ce a gaskiya, kar ka biya kuɗin ta 7.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, ka taya yaro a inda ka san darajarsa take. Kulob da yawa ba sa yi. Wani don yana son a ce yaronsa ne lamba ta 1, wani don yana da cinikin da yake ƙullawa da mai haƙƙin ba ya son ɓata zumunci, wani kawai yana ganin ai za su biya, me zan ƙaru da shi. A 2021 mutane da yawa suna ganin Daicos ya fi kowa a shekarar, amma North Melbourne suka ɗauki Jason Horne-Francis kai tsaye ba su taya ba, GWS suka taya Sam Darcy na Bulldogs a ta 2, Daicos ya gangaro ta 4. Duba takardarka, a ta 1 Collingwood 2400 za su biya, a ta 4 1627 suka biya, maki kusan 800 aka yafe musu ba tare da doka ta ce a yafe ba. A 2022 ma GWS ba su taya Will Ashcroft na Brisbane, yayan Levi, a ta 1 ba sai North a ta 2. Duk tsarin an gina shi ne a kan cewa mai taya zai faɗi gaskiyar farashi, in ya yi kara to teburin ko na zinare ne ba zai yi aiki ba, kuma kulob ɗin da ya ƙi tayi a daren bai kamata ya fito da safe yana kukan an ba wani a araha ba.

Sauran dabarun zaɓe ba zan daɗe a kansu ba. A goman farko ɗauki wanda ya fi kowa iyawa ko da kana da irinsa, gurbin da kake kuka da shi yau wataƙila ba shi ne matsalarka ba nan da shekara uku. Dogayen yara sukan ɗau lokaci kafin jikinsu ya cika, sai da haƙuri. Sannan ka binciki ko yaron zai iya zaman nesa da gida, Horne-Francis shekara ɗaya ya yi a North ya koma Port Adelaide a jiharsu.

Yadda za ka auna adalcin

In gardama ta tashi, kuma kullum sai ta tashi, kar ka bari a cakuɗa maka tambaya biyu a wuri ɗaya. Shin ya dace kulob ya samu haƙƙin yaron? Wannan daban. Shin ya biya abin da ya kamata? Wannan ma daban. Yawancin masu ihu ta biyun ce ke musu ciwo amma sai su kama ta farko da duka.

Ni a kan ta farko ina tare da akadamin arewa, kuma ba na ɓoyewa. Heeney ɗan yankin Newcastle ne, wurin da rugbi ke mulki, in babu wanda ya je ya kafa masa wurin horo tun yana ƙarami da wuya a gan shi a wannan wasan. Yaron da akadami ta jawo ƙari ne a kan kasuwar, ba daga bakin wani aka fizge shi ba. Kuma kulob ɗin arewa suna fama da abin da na Biktoriya ba su san zafinsa ba, yawancin yaran da ake zaɓa daga kudu suke, ka ɗauko yaro ka rene shi shekara biyu uku ya ce gida yake so. A 2013 kaɗai Brisbane sun rasa matasa biyar a lokaci ɗaya, cikinsu har da Sam Docherty da Elliot Yeo waɗanda suka je suka zama manya a Carlton da West Coast. Ga wasan ƙarshe kuma a filin MCG na birnin Melbon ake buga shi, kana daga nesa kai ne baƙo ko da kai ka fi kowa maki.

Dokar uba da ɗa ita hujjarta ta zuciya ce, kuma zuciyar ba ƙarya ba ce. Peter Daicos ya ci kofi da Collingwood a 1990, 'ya'yansa Josh da Nick suka ci a 2023 cikin riga iri ɗaya. Marcus Ashcroft ya ci uku a jere da Brisbane daga 2001 zuwa 2003, ɗansa Will ya karɓi lambar gwarzon wasan ƙarshe a 2024 da 2025. Wanda ya ce a soke wannan ban ga abin da zai ba magoya baya a madadinsa ba. Amma mu faɗi gaskiya, wannan rabo ne tsagwaronsa, babu wani aikin da kulob ya yi, kuma rabon bai zagaya kowa daidai ba. Gold Coast da suka shigo a 2011 da GWS a 2012 sai sun jira 'ya'yan 'yan wasansu sun girma. St Kilda, masu kofi ɗaya tal tun na 1966, ba su taɓa dacewa da irin su Daicos ko Ablett ta wannan ƙofar ba, shugabansu Andrew Bassat ya fito fili a 2024 ya caccaki tsarin, kuma ko ba ka son salon maganarsa ka sa kanka a matsayin mai goya musu baya ka ji.

Akadamin ta uku kuwa ita aka fi yi wa wasa da hankali. Bayan Bulldogs sun samu Ugle-Hagan ta wannan ƙofar sai aka ce daga 2021 ba a biyan tayi a 20 ɗin farko, daga baya aka mai da shi 40, shi ya sa Melbourne suna ji suna gani Gold Coast suka ɗauke Mac Andrew na akadamin Melbourne ɗin a ta 5 a 2021. A 2024 aka sake buɗewa Essendon suka samu Isaac Kako a ta 13. Yaro iri ɗaya, aiki iri ɗaya, bambancin kawai shekarar da aka haife shi. In kana auna adalci ka sa wannan a ma'auni, sauya doka kowace shekara biyu shi ma zalunci ne ga wanda ya tsara aikinsa a kan tsohuwar.

A kan tambaya ta biyu kuwa, farashi, nan ba ni da wata tantama, an ƙwari na ƙasan teburin gasa shekara da shekaru. Kuma ka lura wa ke biyan kuɗin a zahiri, ba mai haƙƙi ba ne, duk wanda aka tura baya ne, musamman kulob ɗin da ya sha kashi duk kaka yana jiran lambarsa ta zagaye na biyu a ta 19 sai ya same ta a ta 30. Hukumar ta gyara wani abu a 2025, rangwame ya sauko zuwa kashi 10, teburin ya tsaya a lamba ta 54, ta 1 tana nan a 3000 amma ƙananan an rage musu daraja sosai, 40, 42, 43 da 46 ɗin nan na Brisbane a sabon teburi ko kusa ba za su kai farashin ta 5 ba. An kuma yarda a sayar da lambobin shekara biyu masu zuwa don a samu abin biya. Gyara ne na gaske, amma da sauran rina a kaba. Ni da za a tambaye ni, kulob ɗin da ya ƙare a huɗun farko ba shi da buƙatar rangwame ko na maki ɗaya, kuma duk wanda zai karɓi yaro a goman farko dole a cikin abin da zai biya a ga lambar zagayen farko, ta bana ko ta baɗi, ba tarin canji ba.

Saboda dokokin ba sa zama wuri ɗaya, kowace shekara kafin Nuwamba ka nemo teburin makin wannan shekarar da rangwamenta, kar ka yi aiki da na bara. Sai ka ja layi uku a takardarka, lambar da aka taya, abin da aka biya, da kuma sunan kulob ɗin da aka tura baya da matsayin da ya ƙare a teburin gasa. Layi na ukun shi ne ba a nunawa a talabijin. Na cike nawa a daraf ɗin 2025, a sabon tsarin kenan, cikin yara shida na farko huɗu masu mai su ne, Zeke Uwland da Dylan Patterson na Gold Coast, Harry Dean na Carlton ta hanyar babansa, da Daniel Annable na Brisbane, waɗanda kofi na biyu a jere ke hannunsu. West Coast da suka ci wasa ɗaya tal duk kakar su suka samu sauran biyun, Richmond kuma da suka ƙare na biyun ƙarshe sai a lamba ta 7 suka fara ɗaukar yaro.